Kafin Ka Saki Matarka, Je A Auna Ka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. 

Mu da ke zaune a zauren Liman muna rubuta ɗaurin aure da sulhu, akwai wata ƙara da ba ta yankewa. Mutum ya zo ya ce shekara biyar ke nan matarsa ko ɓatan wata ba ta yi ba. Ya sake ta, ya auro wata, ita ma shiru. Wadda ya saka kuwa ta yi aure wani gida, shekara ba ta kewayo ba sai ga goron suna. To jama'a, wa ke da ciwon?

Likitoci sun tabbatar cewa cikin ma'auratan da suka rasa haihuwa, wajen rabi akwai dalili daga wajen namiji. Gama ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, irin da ke cikin maniyyinsa daban. Hangum bayan balaga, da ciwon sanyi da bai sami magani sosai ba, da kumburin jijiyoyin maraina, da yawan shan taba, duk suna iya rage iri ko toshe hanyarsa. Awon ba wuya. Mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da ruwansa, a duba da madubin likita. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, in ƙwayoyin iri suka kasa miliyan 16 cikin mililita 1, sun yi ƙaranci.

Ko an sami haka, ba a yanke ƙauna ba. Akwai dabara uku. Ta fari, a tace ruwan miji, a zuba cikin mahaifar matarsa da siririn bututu. Ta biyu, a ciro ƙwan mace, a gama shi da irin miji a ɗakin gwaji, in ya kama a mayar cikin mahaifa. Da haka aka haifi Louise Brown a Ingila cikin 1978, nan Gana kuwa aka fara samun irin wannan haihuwa a Tema cikin 1995. Ta uku ita ce ta maza sosai, wadda likitocin Baljiyam suka fito da ita cikin 1992: a ɗauki ƙwayar iri guda tak da allura wadda ta fi gashi siranta, a soka cikin ƙwai. Wanda ba a ga kome cikin ruwansa ba ma, wani lokaci akan ciro irin daga maraina.

Wani zai ce, shin ya halatta? Muftin Masar, Shehu Jadul Haƙƙi, ya yi fatawa cikin 1980, majalisar malaman fiƙihu kuma ta zauna a Amman cikin 1986, maganarsu ta zo ɗaya: ya halatta in iri na miji ne, ƙwai da mahaifa na matarsa, igiyar aure kuma tana nan. Amma karɓar irin wani ƙato haram ne, don yana ɓata nasaba da gado. Wanda ya je asibiti lalle ya faɗi wannan sharaɗi tun a bakin ƙofa.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin yana cin kuɗi mai yawa, ba kowane gwaji ke kamawa ba, kuma mace ce ke shan allurai ko da ciwon na miji ne. Saboda haka ya cancanci a tausaya mata.

Shawararmu ita ce, in aure ya shekara ba ciki, miji da mata su tafi likita tare. Alhaji da ba ya sayen huhun goro sai ya kwance ya duba, yaya zai yanke igiyar aure ba bincike? Iyayenmu mata, don Allah ku daina kiran 'yar mutane juya. Neman magani ba ja da ƙaddara ba ne, Annabi Zakariya'u ma ya roƙi ɗa da furfurarsa.

Allah Ya ba mu zuriya ɗayyiba, amin.

Magatakardan Liman