Ƙarin Sifirin Ba Ya Ƙara Birki

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa mota da ta riƙe ni a garejin wani bakanike a Kafanchan. Zaman da na yi a kan bencinsa ne ya haifar da wannan rubutu.

Waɗanda suka daɗe suna leƙo shafin nan sun san na yi shekaru a jihar Yuta ta Amurka kafin in tattaro in dawo gida Fadan Kagoma. A can akwai wani gari, Mowab, inda tun 1967 masu jif suke taruwa duk shekara lokacin Ista don su hau duwatsu da mota. Mutum zai baro kwalta sumul, ya yi tafiyar yini guda, ya je neman mummunar hanya da kuɗinsa. Ranar da na fara gani dariya na yi, na ce da sun zo garinmu a watan Agusta da kyauta za mu ba su. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin in ankara ni ma na shiga, na koyi ɗaga mota, na koyi sa manyan tayoyi da doguwar shokazoba.

Da na dawo na sayi Hilux ɗan Beljiyam, na kai wa bakaniken nan kayan ɗaga mota da na yo guzuri. Ya jujjuya sifirin ɗin, ya danna shi da ƙafa, ya dube ni ya ce, "Oga, wannan motar ta yawo ce ko ta aiki?" Na ce duka biyu. Ya ce to, ya ɗaura.

Damina ce ta fara ba shi gaskiya. Titin Kafanchan zuwa Kwoi kwalta ne, amma da ka sauka za ka shiga gonaki, jar ƙasa ce da ruwa ke yanka yadda ya ga dama. Ina kan hanyar gonar kawuna motar ta kafe tsam a tsakiyar hanya, tayoyi suna juyi a banza. Abin da na sani a ka amma na manta a aikace shi ne, ɗaga mota jikinta kawai yake ɗagawa. Ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya yana nan inda yake, girman taya ne kaɗai ke nisanta shi da ƙasa, kuma shi ne ya hau tudun da manyan motoci suka bari tsakanin sawunsu. Ina tsaye cikin taɓo wata tsohuwar Fijo a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, ta zo ta ɗora ƙafa ɗaya kan tudun, ɗaya a bakin ciyawa, ta wuce abinta. Direban ya leƙo ya ce, "Sannu Yallaɓai." Har yau ina jin sannun nan.

Kaka kuma ta ƙarasa ni. Mai hawan dutse sifirin mai laushi yake so, wanda zai bar kowace taya ta bi ƙasa ko da ɗaya na cikin rami ɗaya na kan dutse. Mai ɗaukar kaya kuwa mai tauri yake so. Buhu takwas na masara na ɗora, gindin motar ya zauna, fitilu suka koma kallon sama. Na koma gareji ba baki. Bakaniken ya cire kayan Amurka, ya mayar da na asali, ya ƙara ganye ɗaya a kowane gefe, yadda ake yi wa kusan kowace a-kori-kura da ke jigilar citta da masara a Kudancin Kaduna.

Zuwa nan ina bayan bakanikanmu ɗari bisa ɗari. Sun san ƙasarsu, sun san abin da ake saya wa mota a nan. Inda muka raba hanya shi ne abin da ƙarin ganyen nan yake ɓoyewa.

Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhun masara goma mai kilo 100, har da direba da duk wanda ke ciki. Idan ka wuce haka, motar da ba a taɓa ba za ta faɗa maka: gindi zai zauna, sitiyari zai yi sakayau. Ƙarin ganye biyu ko uku yana toshe mata baki ne. Sai ta tsaya cak da buhu ashirin, kowa ya ce kai, motar nan da ƙarfi take. Alhali birki shi ne na da, tayoyi su ne na da, ƙarfen da ke juya tayoyin baya shi ne na da. Shokazoba ma ba ta ɗaukar kaya, aikinta kashe tsallen sifirin, kuma a kan gargada zafi take yi ta saki.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa jin an yi maganarsa a tasha ba. Tsofaffin Hilux da yawa suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa auna yadda gindin mota ya zauna. In ya zauna sosai, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In bai zauna ba, sai ya rage, don kada tayoyin baya su ƙulle motar ta juya. To ka ƙara ganye, ka ɗaga gindi, ba ka taɓa ƙarfen nan ba. Ka loda tan biyu, shi kuwa bawul yana ganin motar kusan wayam take. Aikin tsayawa ya koma kan birkin gaba.

Ba a littafi na tsinci wannan ba. Wani ƙanena da ke jigila ya sauko gangare da lodin citta da mata uku zaune a saman buhuna, ya taka birki kafin wani kwalbati, motar ta ƙi jin magana sai da ta faɗa ramin. Kaya a sama, mota a ɗage, ta yi tangal-tangal, ɗaya daga cikin matan ta faɗo ta karye a hannu. An yi sa'a a nan ya tsaya. Da muka shiga ƙarƙashin motar, ganye uku aka ƙara, ƙarfen bawul kuwa yana inda kamfani ya bar shi.

Na san abin da direbobi za su ce, don shi ma ya faɗa mini. "Yaya, kai ba ka biyan balas." Gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sawu ɗaya ya zama abin lissafi, kuma a daminar shekarar ce cuta ta ruɓar da citta a gonakin Kachia da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, manomi ya rasa abin biyan sawu biyu. Hanyar da za a yi sawu uku a yini in tana da kyau, ɗaya ake yi. Ƙarin sifirin haraji ne da direba ke biya saboda hanyar da masu haƙƙin gyarawa ba su gyara ba. Ban musa ko ɗaya ba, shi ya sa ban ce a daina ƙarawa ba. Wanda ya dawo daga waje ya ce wa mai neman abinci ya bi littafin kamfani sak, ba a ma tsayawa a saurare shi.

Abin da nake cewa kaɗan ne. Bakaniken da ya karɓi kuɗin ƙara ganye, gyara tsayin ƙarfen bawul ɗin yana cikin aikin, kuma ya buɗe birkin baya ya duba kafin ya sallami mota. Direba kuma ya zaɓa, ko lodi har sama ko fasinja, kada ya haɗa. Matar da ke kan buhu na ashirin ba ta san ganye nawa aka ƙara ba, ta ga mota a tsaye ne ta hau.

Da na nuna wa bakaniken nawa bawul ɗin, ya yi shiru, ya ce shi duk zatonsa in birki na kamawa shi ke nan. Ya yanko guntun ƙarfe, ya huda, mai walda na kusa ya liƙa, cikin rabin awa an ɗaga mazaunin ƙarfen daidai da yadda aka ɗaga motar. Kuɗin bai kai na lita biyar na mai ba. Ya yi wa tawa, ya yi wa ta ƙanena.

Maganar fasinja a saman kaya kuwa har yanzu ba mu daidaita ba. Ranar kasuwar da ta wuce na ƙirga buhu goma sha takwas a motarsa, da mutum biyu a sama. Da ya hango ni sai ya sauke su, na kuma tabbata a kwanar gaba suka sake hawa.