Daga Allon Malam: "Munka" Ba Kuskure Ba Ne



Kwanan baya ina aji, wata yarinya ta tambaye ni ma'anar "hath" da ta gani a littafin Turanci. Na ce mata ai "has" ce a tsohuwar sigarta. A da mutanen kudancin Ingila da "th" suke rufe aikatau: hath, doth, saith. Ita "s" daga arewacin ƙasar ta gangaro har ta ci London. Baibul na Sarki James na 1611 ya riƙe "th", alhali Shakespeare a zamanin yana haɗa su biyun. Yarinyar ta rubuta cikin ladabi.

Da yamma kuwa, a nan Amoutivé, na ji ɗan maƙwabcina yana yi wa kakarsa dariya. Tana ba da labarin rushe tsohon Zongo a 1977, ta ce "da munka kwashe kaya". Wai shi a rediyo "muka" ake cewa. Abin ya sosa mini rai. Tsohuwar maganar Bature a rubuta ta da ladabi, ta Hajiya kuwa a yi mata dariya?

To, ku duba. Muna cewa "mun zo", "sun zo", "an zo". A liƙa musu "ka", me za a samu? Munka, sunka, anka. Masana irin su Paul Newman, mai babban littafin nahawun Hausa na 2000, suna ganin wannan ita ce ta asali, Kanawa ne suka yar da "n". Har Basakkwace in ya ce "yaz zo" ko "tat tahi", wannan nanatawar gurbin "ka" ɗin ce da ta lalace. Haka ake magana a Sakkwato da Gobir da Adar har gobe, haka kuma za ku tarar a waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864.

"Muka" ta yi rinjaye ne domin karin Kano aka ɗauka wajen rubutun boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa shi daga Zariya tun 1939, rediyo ya ƙarasa. Ni ma da ita nake rubutu, ga shi kuna gani.

Na kira yaron na ce ran Asabar ya zo da biro da takarda. Za mu zauna gaban Hajiya ta sake ba mu labarin, ya rubuta yadda ta faɗa, kada ya taɓa mata "n" ko ɗaya.