GORON SALLAR ƊAN MAKIYAYI: MAI ƘAFA HUƊU MUKE SO, BA BINDIGAR ROBA BA



Duk shekara idan salla ta gabato akwai wata magana da ake jifanmu da ita a kasuwa, a tasha, har ma a bakin waɗanda suka yi lakwal suka san fari da baƙi. Wai makiyayi marowaci ne. Wai ga shi da shanu ɗari, amma ɗansa ba shi da takalmin salla, ɗiyarsa ba ta da tabarau. Mun daɗe muna jin wannan magana muna yin shiru, domin mun ɗauka zancen kasuwa ne, a nan zai ƙare. To, shirun ya isa haka nan, tun da yake maganar ta shiga kunnen namu, kuma ta fara cin garke.

Duk wanda yake shakka, ya je kasuwar Abalak ko ta Dakoro ko ta Tanut a satin da ya rage salla, ya tsaya tsakanin turken dabbobi da rumfunan ƴan koli. Zai ga magidanci ya jawo ƴar burguma ko ƴar tunkiya wadda ko haihuwar fari ba ta yi ba, dillali ya taya ta yadda ya ga dama, a ƙirga masa kuɗi, kafin la'asar kuɗin sun koma agogon roba wanda ba ya tafiya, da usur, da balan-balan, da tabarau mai ruwan ɗorawa, da bindigar roba. Kwana uku bayan salla duk sun karye, suna yashe a bayan bukka, awaki suna taunar ledarsu. Tambayar da ba a yi ita ce: dabbar nan da aka sayar, ta wa ce?

Mu mun san amsa, ƴan birni ne ba su sani ba. Garken da suke gani su ce na wane ne, ba na mutum ɗaya ba ne. A cikinsa akwai sadakin uwargida, akwai shanun da aka ware wa kowane ɗaki domin tatsa, akwai na aro, akwai na amana, akwai kuma na yara. Tun ranar suna, bayan an yanka rago an raɗa wa jariri suna, uba yakan nuna wata maraƙa ko wata ƴar akuya a gaban dattawa ya ce wannan ta yaron nan ce. Kawu ya ƙara tasa, kaka ta ƙara tata. Duk abin da dabbar ta haifa na yaron ne, kuma kowa a ruga ya san haka, har yaran da ke kora maruƙa. Da wannan ne yaro yake tashi, ranar da ya yi aure a ware masa nasa ya kafa gidansa ba tare da ya jira mutuwar ubansa ba. Ashe ke nan mutumin da ake kira marowaci, amana yake riƙe da ita. Abin da ake zuga shi ya yi shi ne ya sayar da dukiyar ɗansa ya saya wa ɗan nan usur, sannan a yaba masa a ce ya waye.

Ba za mu karɓi darasin kyauta daga bakin kowa ba. Mu ne masu habbanaye: ka ɗauki karsana ka ba ɗan uwanka wanda ya rasa, ya riƙe ta, ya sha nononta, ta haifa masa har sau uku, ya riƙe ƴaƴan ya maido maka da uwar. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da kansu sun ari wannan dabara, har da sunanta, suna raba awaki ga mata a ƙauyuka da ita. Wanda aka ari al'adarsa domin a yaƙi talauci, shi ne kuma za a koya wa yadda ake yi wa yaro alheri?

A zo a yi lissafi, tun da lissafi ba ya son kai. Akuya wata 5 take yi da ciki. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, an san ta da yawan tagwaye. Amma mu bar zancen tagwaye, mu ce ɗa ɗaya take bayarwa a shekara. Yaron da aka ba ƴar akuya goron salla yana da shekara 3, kafin ya kai 10 ta haifa masa shida ko bakwai, ban da abin da ƴaƴanta mata suka haifa. Ko ciwo ya ɗauki wasu, ko rani ya ɗauki wasu, da saura. A cikinsu ne za a sayar da bunsuru a saya masa littafi da alƙalami idan an sa shi lakwal, a cikinsu ne za a biya magani ranar da zazzaɓi ya kama shi da damina, kuma nononsu ne ke cikin kokonsa kowace safiya. A kawo mana agogon roba guda ɗaya wanda ya taɓa haihuwa.

Sannan a duba lokacin da ake wannan ɓarna. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, shi ya sa salla take zagaya damina da kaka da ɗari da bazara a cikin shekara 33. A 2025 ƙaramar salla ta faɗo a ƙarshen Maris, Layya kuwa a farkon Yuni, kamar yadda ta faɗo a Yunin 1992, kuma kowace shekara tana ƙara ja da baya zuwa tsakiyar zafi. Wannan shi ne lokacin da ciyawa ta ƙare, ake kwana a bakin rijiya, dusa da ƙwaryar auduga suka yi tsada, mata a cikin dabbobi suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ragon da aka turke aka yi wa kiwo shi ne mai kuɗi a Layya. Ramammiyar tunkiya kuwa kyauta ake karɓarta. Wanda ya fitar da macen dabba a wannan lokaci ya yi hasara biyu: ya sayar da arha, ya kuma sayar da haihuwar baɗi.

Ba mu ce laifin duka na iyaye ba ne. Ragunan da ake gicciyewa a kan itace a kewaye wuta a titunan Yamai ranar Layya, balami ne ko uda ko ara-ara, daga hannunmu suka fito. A watan Mayu na 2025 gwamnati ta hana fitar da dabbobi zuwa ƙasashen waje gabanin Layya, domin rago ya yi sauƙi ga mai saye. Mun ji dalilin. Amma sauƙin da mai saye ya samu, daga aljihun wa ya fito? Magidancin da ya yi wata da watanni yana kiwon raguna biyu da niyyar su ɗauke masa hatsi da kayan sallar iyali, idan kuɗin suka gaza, ina zai juya in ba kan akuyar ɗansa ba? Duk mai yanke hukunci a kan kasuwar dabbobi ya sani cewa mu ma muna da yara, su ma suna jiran salla.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce usur da balan-balan. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da rai, a tambaye su. Garkuna sun ƙare, dabbobi da yawa sun koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikata waɗanda suka saye su a banza, masu su na asali suka zama ƴan kiwon haya ko masu gadi a birane. 2005 da 2010 suka zo suka ƙara. Yaron da ya tashi yana bin shanun da ko ɗaya ba tasa ba ce, me zai riƙe shi a daji? Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma mun yi murna da ita. Amma burtali da mashaya ba su da amfani ga saurayin da ba shi da ko akuya. Irin wannan saurayi shi ne ake samu da sauƙi, shi ne masu ɗauke da makamai a kan iyakokinmu suke yi wa tayin babur da kuɗi. Dabbar da aka ba yaro yana ƙarami igiya ce da ke ɗaure shi da danginsa.

Shi ya sa bindigar roba ta fi komai ɓata mana rai. A ƙasar da ake sace garke da bindiga, ake kama mutum a nemi fansa, a ƙasar da an riga an shafa wa ɗan makiyayi baƙin fenti tun bai yi laifin komai ba, uba ya cire kuɗi da hannunsa ya saya wa ɗan shekara 5 siffar wannan abu, ya ce masa barka da salla? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sanda muka gada, da ita ake kora, da ita ake jingina a huta.

Za a ce mana: yaro ɗan shekara 3 me ya sani game da haihuwar akuya, shi abin wasa yake so, kuma salla ranar farin ciki ce. Gaskiya ne, ranar farin ciki ce, kuma ba mu ce a bar yara da tsumma ba. A ɗinka musu riga daidai ƙarfi, a yi wa ƴan mata kitso da lalle, a sa musu tozali, a dama fura da nono mai yawa, a ba su alawa da dabino, a ɗauke su a kai su gaida kakanni da ƴan uwa na rugar gaba, a ajiye musu rabonsu na hanta. Amma wanda ya ce ƙaramin yaro bai san daɗin dabba ba, bai taɓa ganin yaron da aka kama hannunsa aka ɗora a wuyan ƴar akuya aka ce taka ce ba. Shi zai sa mata suna, shi zai ɗebo mata ƙaiƙayi, da ita zai kwana a baki, baƙo bai isa ya zauna ba sai an kai shi ya gan ta. Yaranmu da suke gina shanun laka da ƙahonni a bakin tabki ba su rasa abin wasa ba.

Za a kuma ce: waɗanda suka rasa garke fa, suna zaune a bakin gari? Su ne suka fi bukatar wannan magana. Wanda ba shi da akuya ya ba da kaza ko zabuwa, daga ƙwai ake kai wa ga kofato. Mu kuma da Allah ya bar mana ɗan abin da ya bari, a nan ne habbanaye zai yi aikinsa: maimakon mu miƙa wa ɗan ƙanenmu dala ashirin ya sha alawa, mu ɗaura masa tunkiya. Kuma kada a ware ɗiya mace. Dabbar da ta tafi da ita gidan miji ita ce mutuncinta, ita ce abin da za ta dogara da shi ranar da zama ya yi wuya.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai:

1. Kowane uba, kowane kawu, kowace gwaggo da ke da hali, su sa goron sallar yaro ya zama macen dabba, a ba da ita a gaban shaidu, a yi mata shaida a kunne yadda gidan ya saba.

2. Kada a sayar da dabbar yaro domin kayan salla. In tilas ta kama, ta yunwa ko ta ciwo, a gaya wa uwarsa, a kuma mayar masa da madadinta idan kaka ta yi.

3. Wanda ba shi da halin Layya kada ya yanka ta ɗansa don gudun bakin mutane. Malamai sun sha faɗa cewa Layya tana kan mai iko ne.

4. Arɗaɗe da shugabannin mata su tsawata a kan bindigar roba da abubuwan fashewar nan na yara a rugagensu.

5. Hukuma ta zauna da wakilan makiyaya kafin ta taɓa kasuwar dabbobi a gabanin salla, ba bayan an gama ba.

Masu iya magana sun ce salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Mu kuwa so muke salla ta wuce ta bar ɗanmu da akuya mai ciki. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, a bakin rijiya da ranar kasuwa. Allah ya raya mana zuri'a, ya albarkaci garke, ya maimaita mana ta baɗi da lafiya.