Ba Kullum Laifin Hunturu Ba Ne: Bitamin B2 Da Lafiyar Ɗalibai

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a gindin dutsen Kwatarkwashi, akan ga yara da fasassun leɓɓa, gefen bakinsu ya tsattsage. Iyaye sukan shafa musu man kaɗanya su ɗora laifin a kan sanyi. Amma idan tsagewar ta ƙi warkewa, harshe ya yi ja, ido yana ƙaiƙayi, to ya kamata a zargi ƙarancin bitamin B2, wato ribofilabin.

Wani masani ɗan Ingila, Alexander Wynter Blyth, shi ya fara ganin wannan sinadari mai ruwan ɗorawa a cikin madara a 1879. Aikinsa shi ne taimaka wa ƙwayoyin jiki su fitar da ƙarfi daga abinci. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a Gambiya a shekarun 1980 ya nuna cewa yana taimaka wa jiki wajen amfani da sinadarin ƙarfe don ƙarin jini. Namiji baligi na bukatar miligiram 1.3 a rana, mace 1.1, mai shayarwa kuwa 1.6. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, rarar takan fita cikin fitsari, saboda haka sai an ci kullum.

Abin takaici, maganin yana cikin gida amma ana ɓarar da shi. Kofi guda na madara yana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na bukatar yini, sai dai hasken rana yana lalata bitamin ɗin idan aka bar ƙwarya a buɗe. Yawan kanwa a miya ma yana kashe shi, surfe kuma yana tafiya da wani kaso cikin dusa. Ga kuma camfin cewa ƙwai na sa yaro sata, alhali ƙwai da hanta suna cikin abincin da ya fi ɗauke da shi.

Gaskiya ne satar shanu da ta addabi Zamfara ta rage nono, kuma nama ya yi tsada. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai dace a yi asarar ɗan abin da ake da shi ba. Rufe ƙwarya da faifai ba ya cin ko kwabo. Ya kamata makarantun Bunguɗu, Tsafe da Gusau su dasa zogale, na kwana su riƙa sa ganye da wake cikin abincin ɗalibai, malaman kimiyya kuma su koyar da wannan darasi da misalin fura da nono. Ɗalibin da ya fahimta zai kai saƙon gida, kuma rigakafi ya fi magani.