Masu Neman Digiri Na Biyu Su Gyara Turancinsu Tun Da Wuri

Abin farin ciki ne ganin yadda 'ya'yan mutanen Arewa mazauna Kudu suke ta kammala jami'a a 'yan shekarun nan. A Agege da Idi Araba da Obalande cikin Ikko, da Sabo ta Badun, har zuwa Fatakwal da Anaca, yanzu ba abin mamaki ba ne a tarar da mahaifi yana sana'ar goro ko shanu ko canji, ɗansa ko 'yarsa kuwa suna riƙe da digiri. Da yawa daga cikinsu da zarar sun gama bautar ƙasa sai su ɗaura niyyar neman digiri na biyu, ko a nan gida ko a ƙasashen waje. To a nan ne suke cin karo da wani shinge wanda ba su yi masa shiri ba, wato jarrabawar Turanci.

Yaron da ya tashi a Kudu yakan ji Hausa da Yarbanci da Turancin buroka tun yana ƙarami, bakinsa kuma yakan fi na takwaransa na Kano ko Sakkwato saurin juya Turanci. Wannan baiwa ce, amma ita ce kuma take yaudarar da yawa daga cikinsu. Sai yaro ya ɗauka tunda yana ciniki da hira da Turanci kullum, har ya ci jarrabawar WAEC ya yi shekara huɗu a jami'a, ba ya bukatar wani shiri. Alhali kuwa Turancin da ake gwadawa a wannan mataki na masu bincike ne, na karanta dogon rubutu mai sarƙaƙiya a gane inda marubuci ya dosa, da na rubuta hujja a tsare cikin ƙayyadadden lokaci.

A dubi jarrabawar GRE, wadda hukumar ETS ta Amurka take shiryawa. Jami'o'i da dama sun daina tilasta ta tun daga 2020, amma har yanzu akwai masu nema. Tun watan Satumba na 2023 aka rage tsawonta zuwa ƙasa da awa biyu. Sashen harshe yana da tambayoyi 27 cikin minti 41, makinsa kuma daga 130 zuwa 170 ne. Akwai inda za a ba ɗalibi jimla da gurbi, a ce ya zaɓi kalmomi biyu cikin shida waɗanda kowace aka sa ma'anar jimlar za ta zama ɗaya. In ya dace da ɗaya ya kuskure ɗaya, bai samu komai ba. Akwai kuma rubutu na minti 30, inda za a ba shi wani batu a ce ya bayyana matsayinsa ya kare shi.

Masu son zuwa Ingila ko Kanada ko Ostareliya kuwa galibi IELTS suke yi, wasu kuma TOEFL. IELTS kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana. A sashen saurare sau ɗaya tak ake kunna muryar. A na karatu akwai tambayoyi 40 cikin awa ɗaya. A na rubutu ana son kalmomi 150 a aiki na farko, 250 a na biyu, duka cikin awa ɗaya. Makin yana tsayawa a 9, jami'o'in Ingila da yawa kuma 6.5 suke nema ga digiri na biyu. Wanda ya zaɓi zama a gida ma bai tsira ba, domin Jami'ar Badun takan yi wa masu neman wannan gurbi gwajin Turanci.

Abin da ya sa maganar ta shafi iyaye kai tsaye shi ne kuɗi. Rajistar GRE ta haura dala 200, kuma kowa ya san yadda Naira ta faɗi tun daga 2023. Wanda ya faɗi, sai ya sake biya daga farko. Sau da yawa gumin uba ne na watanni a kasuwar Mil 12 ko a mayankar Agege yake tafiya cikin zama ɗaya, don kawai yaro ya shiga ɗakin jarrabawa da shirin mako biyu.

Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da wannan niyya ya ba kansa aƙalla wata shida. Ya riƙa karanta sharhin manyan jaridun Turanci da mujallun kimiyya da tarihi awa guda kullum, in ya kai ƙarshen kowane sakin layi ya tsaya ya faɗi abin da aka ce cikin jimla ɗaya. Ya sa ido ƙwarai kan ƙananan kalmomin nan masu juya magana, takwarorin "amma" da "ko da yake" da "duk da haka", domin yawancin tarkon jarrabawa a ƙarƙashinsu yake. Haddace jerin kalmomi dubu ba tare da ganinsu cikin jimla ba wahalar banza ce. Gara ya buɗe littafi na musamman, duk sabuwar kalma ya rubuta ta tare da jimlar da ya tsince ta a ciki.

Haka kuma ya riƙa rubuta maƙala biyu a mako da agogo a gabansa, ya kai wa malamin da ba zai ji nauyinsa ba ya gyara masa. Gidan da aka saba kama sashen Hausa na BBC da safe, ba laifi yaro ya ƙara rabin awa a sashen Turanci don kunnensa ya saba. ETS da British Council duka suna ba da jarrabawar gwaji kyauta ta intanet. Sai dai a lura da lokaci: sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, na GRE kuwa biyar. Kafin a biya ko kwabo a tambayi jami'ar abin da take so, domin wasu jami'o'in Ingila suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC.

Wajibi ne a ja kunnen matasa game da 'yan damfarar da suke alkawarin sayar da takardar sakamako ko sa wani ya zauna a madadin ɗalibi. Jami'o'i suna tantance sakamako ne daga wurin hukumar da ta shirya jarrabawar. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a 2014 BBC ta bankaɗo maguɗi a wata jarrabawar Turanci a Ingila, gwamnatin ƙasar ta soke bizar dubban ɗalibai, har da waɗanda daga baya kotu ta wanke su.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ɗalibai. Kowace unguwa tana iya ware ɗaki ɗaya mai fitila da kujeru da jaridu, a roƙi waɗanda suka riga suka ci wannan jarrabawa su riƙa zuwa ran Asabar suna duba rubutun ƙannensu. 'Yan mata ma a ware musu lokacinsu. Iyaye kuma su rage wa yaro zaman shago ko da awa biyu ne a yini har ya gama. Al'ummar da take iya haɗa kuɗin biki cikin mako guda ba za ta kasa wannan ba. Allah ya ba yaran sa'a, amin.