Kafin Ku Ɗaga Kyamara: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗaliban Aikin Jarida 'Yan Ƙasar Kabi

Ƙannena maza da mata,

Wannan takarda taku ce, ku 'yan Birnin Kebbi da Argungu da Augie da Gwandu da Kalgo da Bunza da kuka zaɓi aikin jarida ya zama fannin digirinku, ko kuna Kano, ko Zariya, ko Sakkwato, ko wata jami'a can kudu.

Kun shigo a lokacin da aka sake wa karatun fasali. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da raba tsohon kwas ɗin sadarwa gida bakwai: aikin jarida daban, rediyo da talabijin daban, fim da haɗa hoto da sauti daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, da sauransu. Masana irin su Farfesa Umaru Pate sun daɗe suna faɗi-tashi kafin a kai ga haka, kuma gyara ne mai kyau. Sai dai ranar da kuka shiga ɗakin labarai za ku tarar duk an sake haɗa muku su wuri ɗaya. A da mutum huɗu ake turawa labari guda: wakili, mai kyamara, mai ɗaukar sauti, da direba. Yau edita zai tura ɗayanku shi kaɗai da waya a hannu, yana jiran rubutu, da rahoton murya na minti biyu, da hotuna, da gajeren bidiyo na Facebook, duk kafin la'asar.

Don haka ku koyi na'urar, ku koye ta sosai. Abin da ke damuna shi ne kada ku fito kun ƙware a tace bidiyo amma ba ku san yadda ake tabbatar da magana ba, kun san kowace manhaja amma ba ku san garin da ya haife ku ba. Labarin da zan ba ku misali da shi a ƙofar gidanku ya faru.

Kun san yadda safiyar ranar ƙarshe ta bikin kamun kifi na Argungu take a bakin Matan Fada. Dubban masunta sun yi sahu, kowa da homarsa da gorarsa. Ana harba bindiga sai ƙura ta tashi, su ruga su faɗa ruwa, makaɗa na bin su cikin kwale-kwale. Cikin kamar awa guda a fara jawo giwan ruwa zuwa gaban sikeli. A bikin 2008 an ɗora wani kifi mai nauyin kusan kilo 66, aka ba wanda ya kawo shi lambar farko, kyamarorin gida da na waje suka ɗauka, hoton ya zagaya duniya. Bayan an watse sai sauran masunta suka kai ƙorafi fada cewa kifin nan ba a ranar ya mutu ba, kuma ba a wannan ruwan aka kama shi ba. Aka bincika, aka karɓe kambun.

Ku lura da waɗanda suka gano gaskiyar: mutanen da suka san kalar kifin da ya fito ruwa yanzu da wanda ya kwana, suka san girman abin da gulbinsu yake iya haifarwa. Masu kyamara sun ɗauki abin da aka nuna musu, hotonsu kuwa tas ya fito. Da a cikinsu akwai wanda ya ajiye kyamara ya tsugunna wajen tsofaffin masunta ya ce, "Baba, ya kuka ga kifin nan?", da shi ya fara samun labarin. Wannan tsugunnawar ita ce sana'arku. Ba kasafai ake ba ta maki a jarrabawa ba, kuma babu manhajar da za ta yi muku ita.

Sannan bikin kwana huɗu ne kacal. An faro shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2016. Baƙin 'yan jarida za su zo daga Abuja da Legas da Landan, su ɗauki abin da suka saba ɗauka, su kama hanya. Sauran kwanakin shekara naku ne. Bayan bikin 2009 sai da aka yi shekara goma ba a sake yi ba, sai a Maris na 2020. Me masu masauki da masu saƙa homa da makaɗa suka ci a waɗannan shekarun? Me ya sa ruwan ke ja da baya, yashi na cike gulbi? Yaya masu sarautar Sarkin Ruwa da Homa suke tsare dokar hana kamun kifi a Matan Fada tsawon shekara? Duk wanda ya amsa ɗaya daga cikin waɗannan da murya da hoto da hujja ya yi aikin da baƙo ba zai iya ba.

Haka zancen shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a Nuwamba 2015. A Argungu aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Agusta 2017, ga Labana a Birnin Kebbi, ga haɗin gwiwar Kebbi da Legas da ya haifar da Lake Rice a ƙarshen 2016. An sha ɗaukar hoton dalar buhuna da manyan baƙi a gabanta. Labarin da ya fi wannan nauyi yana cikin fadama. Ku je wajen mai noman rani ku zauna ku yi lissafi tare da shi: litar fetur nawa injin ban ruwansa ke sha a mako, nawa ya koma saya tun da aka cire tallafi a Mayu 2023, buhun taki nawa ya zuba, buhun shanshera nawa ya kwashe, nawa dillali ya taya. Ku je wajen matan da ke turara shinkafa a gida ku ji yadda manyan injina suka taɓa cinikinsu. Ku rubuta lambobin a littafi, ku sake karanta wa mai maganar ya tabbatar. Ɗalibin jarida da ke gudun lissafi zai ƙare yana maimaita duk abin da mai muƙami ya faɗa.

A ambaliyar 2020 ƙungiyar manoman shinkafa ta jiha ta ce hekta 450,000 ruwa ya cinye. Idan aka ba ku adadi irin wannan, ku faɗi wanda ya bayar, ku kuma tambaye shi yadda aka ƙirga. Ku san daga ina ruwan yake zuwa: madatsar Goronyo a kan gulbin Rima, ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, su haɗu su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa kogin Neja. Mai lambar wayar jami'in da ke kula da sakin ruwa, wanda zai iya sanar da mutanen fadama kwana biyu kafin ruwa ya iso, ya fi mai kyakkyawan hoton gidajen da suka riga suka rushe amfani ga jama'a.

Yanzu ga shawarar da na fi so ku riƙe ta fuskar aiki: ku fara ƙwarewa a sauti kafin hoto. Ƙasarmu ta masu saurare ce. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 rediyo bai bar kunnen manomi da makiyayi ba, yau kuma saƙon murya na WhatsApp ya bi sahunsa, yana isa wurin wanda bai iya karatun boko ba, da wanda datarsa ba ta kai ta buɗe bidiyo ba. Mutum zai haƙura da hoto mai duhu, amma da zarar bai ji abin da ake faɗa ba zai wuce. A bakin gulbi iska ce abokiyar gabarku, musamman da hunturu. Ku juya mata baya, ku sa jikinku ya kare makirufo, ku kusanto da shi kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ku sa abin kunne ku ji abin da kuke naɗa tun kuna wurin. Ku roƙi mai injin ban ruwa ya kashe shi na minti biyar, sannan bayan hira ku naɗi ƙarar injin ita kaɗai, da motsin ruwa, da hayaniyar kasuwa, don su ne za su kai mai saurare wurin. Idan tsohuwa ta yi shiru a tsakiyar magana kada ku yi saurin jefa wata tambaya. Sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne rahoton. Ku fita da waya cike da caji da abin ƙara mata caji, ku kuma ajiye kowane aiki wuri biyu.

Harshe ma kayan aiki ne. A aji da Ingilishi za a koya muku komai, amma da Hausa za ku ci abinci. Ku karanta tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ku ga yadda ake sa magana mai nauyi cikin jimla mai sauƙi. Ku iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Idan Bakabe ya yi magana da karin harshensa, ku bar masa abinsa, kada ku mai da shi Bakano a wajen tacewa. Wanda a cikinku yake jin Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci ko Kambarci ya riƙe shi da kyau, domin akwai ƙauyuka da rugage a jihar nan da ba a taɓa jin muryarsu a labarai ba sai ranar da masifa ta faɗa musu.

Ranar masifar kuwa ita ce ranar da ake gane tarbiyyar ɗan jarida. Kun tuna jirgin ruwan da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayu 2021 ɗauke da mutum fiye da 150, da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da aka sace a Yuni na shekarar, da harin da Lakurawa suka kai Mera a Nuwamba 2024. A irin waɗannan ranaku waya takan cika da hotunan gawarwaki da bidiyon da ba a san asalinsa ba, wani na wata ƙasa ne, wani ya shekara biyar, wani ma ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi. Kada ku tura abin da ba ku san wanda ya ɗauka da inda aka ɗauka da ranar da aka ɗauka ba. Kada uwa ta fara ganin gawar ɗanta a shafinku. Kada ku nuna fuskar yarinyar da aka sako daga hannun 'yan bindiga, ko fuskar ɗan ƙauyen da ya gaya muku hanyar da suke bi, domin ku za ku koma gari, shi kuwa a nan zai kwana. Gara a riga ku da awa ɗaya da ku jawo wa bawan Allah abin da ba ku iya gyarawa.

Za a miƙo muku ambulan bayan taro a ce kuɗin mota ne. Na san halin da ake ciki, na san akwai gidajen da ke jinkirta albashi, ba kuma zan raina talaucin kowa ba. Amma wanda ya saba karɓa bakinsa yakan yi nauyi ranar da ya kamata ya yi tambaya. 'Yan siyasa kuma za su neme ku tun kuna aji biyu, saboda kun iya haɗa bidiyo. Mai son wannan aikin ya yi shi a fili da sunansa na mai tallata ɗan takara, ga shi ma an ware masa kwas ɗinsa. Kada dai ya haɗa shi da katin ɗan jarida. Ku san dokokin da suka shafe ku: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatarku a rubuce, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuma, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama 'yan jarida da shi. Hujjar da kuka adana ita ce garkuwarku.

Kada ku zauna jiran aiki a manyan gidajen waje. A Maris 2025 aka wayi gari gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, har da sashen Hausa da aka saba ji tun 1979. Idan lokacin zaman sanin makamar aiki ya zo, ku dawo gida ku nemi gurbi a gidan rediyon jiha, ko Equity FM, ko Vision FM, ko NTA Birnin Kebbi. A ƙaramin gida ake barin ɗalibi ya taɓa komai. Idan aka zo zaɓen batun kundin kammala digiri, ku bar maimaita abin da ɗalibai ɗari suka riga suka rubuta a kan tasirin Facebook ga matasa. Ga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831. Ga kufan Surame. Ga tsofaffin masunta da makaɗa da ungozomomi da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya naɗi muryarsu.

Roƙona gare ku shi ne, a hutun nan mai zuwa kowannenku ya zaɓi mutum ɗaya a garinsu, masunci ko manomi ko mai turara shinkafa, ya nemi izininsa, ya yini tare da shi, ya haɗa rahoton minti uku da murya da hoto da rubutu. Kafin ya kai wa kowane edita, ya fara kunna wa mai labarin ya ji, ya tambaye shi ko akwai inda aka yi masa ƙari. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya tsare ku a hanya.

Wassalam,
Yayanku a wannan sana'a.