"Ba ya ci" ko "bai saba ba tukuna"?

Ƴan uwana ɗalibai, yau faɗana da wata jimla ne da muke ji kullum a gidajenmu na Gazawa: "Ai wannan yaron ba ya cin wake." Duk wanda ya zauna ajin nahawu ya san "ba ya ci" siffanta ɗabi'a take, kamar an yanke wa yaro hukunci har girmansa. "Bai saba ba tukuna" kuwa tana barin ƙofa buɗe. Ƙanena shekarunsa uku, sau ɗaya ya tofar da kwaɗon zogale, Inna ta ce ba ya ci, daga ranan sai hura da kunu zalla.

In kuma yaro ya ƙi, me muke yi? Ɗura! A danne shi a cinya, a toshe hanci, a kwarara kunu. Yana iya shaƙewa, kuma abin da ya koya shi ne ludayi abin tsoro ne. Ga camfin ƙwai, wai yana sa yaro sata. Haba jama'a! Mu kai ƙwan zabi kasuwa, ɗanmu na ramewa a gida?

Za ku ce talauci ne. Ban musa ba. Amma wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zogale da garin kuka duk a ƙasarmu suke, ba daga Faransa ake kawo su ba. Iyayenmu ba su manta 2005 ba, lokacin da dubban yara masu tamowa suka cika cibiyoyin likitocin MSF a jihar Maraɗi. Ciki na iya cika da gero jiki bai samu abin gina shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, sannan a fara ƙara abinci iri-iri ana ci gaba da shayarwa. Yaro kan buƙaci ganin sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya karɓa. A zuba kaɗan, a cuɗa garin ƙuli cikin kunun da ya sani, a ci a gabansa, in ya ƙi a sake jibi ba da tsawa ba.

Mu ne yayyen yaran nan. In mun koma gida hutu, duk wanda ya ji "ba ya ci" ya ce cikin ladabi: "Inna, bai saba ba ne, bari in gwada shi."